Lin Dan: yadda bahagon Fujian ya riƙa kwashe manyan kofuna alhali wani ne ke lamba ɗaya

Duk wanda ya fara bibiyar badminton da gaske sai ya ci karo da wani lissafi da ba ya shiga kai da farko. Lee Chong Wei na Malesiya ya yi sati 349 yana lamba ɗaya a duniya, kusan shekara bakwai kenan in ka haɗa su wuri guda, ya ci gasannin Super Series, wato jerin manyan gasannin da ake zagayawa ƙasa-ƙasa duk shekara a lokacin, har 46, amma ya ajiye raket ba shi da zinare ko ɗaya na Olamfik ko na gasar duniya. Shi kuma Lin Dan na ƙasar Sin Super Series 21 ya ci, ko rabin na Lee bai kai ba, sau da yawa in ka duba rankin sai ka gan shi na biyu ko na uku, akwai ma lokacin da ya ɓace daga saman jerin kwata-kwata, amma fa zinaren Olamfik biyu, kambun duniya biyar, kofin tsohuwar gasar Ingila ta All England shida, duk suna ɗakinsa. Sun haɗu sau 40, Lin ya ci 28, Lee ya ci 12. To ta yaya wanda ba shi ne na ɗaya a takarda ba ya zama shi ne ake kira gwanin gwanaye? Ni dai a ganina amsar tana cikin abu biyu, na farko Lin Dan ya san ranar da ake neman sa kuma ita yake tara wa ƙarfi, na biyu kuma ba ɗan wasa ɗaya ba ne tun farko har ƙarshe, sau biyu ya rushe salon wasansa ya sake ginawa.

Kafin a shiga labarinsa sai an ɗan fahimci wasan kansa, don mutane da yawa ganin wasan yara suke masa, wanda ake bugawa a tsakar gida da ƙwallon roba. Na ƙwararru daban ne wallahi. Ɗauki ƙwallon gashin nan a hannunka ka duba, gashin fiffiken dinya ko agwagwa ne guda 16 aka jera a kan ɗan kai mai zagaye, nauyinta duka kamar giram 5 ne, in ka hura ta da baki ma sai ta motsa. Amma in ƙato ya yi tsalle ya make ta sai ta bar raket da gudun da ya haura kilomita 300 a awa, kafin ka ƙifta ido kuma gashin ya kama iska ta ja birki ta sulalo ƙasa a tsaye. Wannan halin nata shi ne duk sirrin wasan. Fili tsawonsa mita 13.4, faɗinsa a wasan mutum ɗaya mita 5.18, raga kuma kamar mita ɗaya da rabi, ba ka da abokin da zai rufe maka baya, kusurwa huɗu kai kaɗai za ka tsare, ka je gaba ka durƙusa, ka koma baya ka yi tsalle, ka dawo tsakiya, haka har fiye da awa ɗaya. Ga kuma iskar na'urar sanyaya zaure da ke kaɗa ƙwallon, shi ya sa za ka ji ana cewa wancan ɓangaren filin ya fi wannan daɗin bugu, kuma shi ya sa ake sauya gefe. Kowane zagaye na wasa bari in kira shi turmi kamar yadda ake cewa a dambe, wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya yi nasara.

An haifi Lin Dan ranar 14 ga Oktoba 1983 a yankin Longyan na lardin Fujian, kudu maso gabashin Sin. Wannan lardin ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin badminton ɗin ƙasar, domin wasan ƙwararru a can 'yan asalin Sin da aka haifa a Indonesiya ne suka koma gida da shi a shekarun 1950 da 1960, irin su Wang Wenjiao da Hou Jiachang da Tang Xianhu, suka zauna a Fujian da Guangdong suka kafa tushe. Riƙe sunan Tang ɗin nan, za mu dawo kansa. Sin ba ta shiga hukumar badminton ta duniya ba sai 1981, amma shekara na zagayowa, 1982, ta ɗauke Kofin Thomas, wato kofin tim-tim na maza tsakanin ƙasashe, a zuwanta na farko, ka ga ashe dama an daɗe ana girki a ɓoye. Cikin wannan tsarin Lin ya taso, yana ɗan shekara biyar ya fara riƙe raket duk da iyayensa fiyano suka so ya koya, yana ɗan saurayi ƙungiyar wasanni ta rundunar sojan ƙasar ta ɗauke shi, shi ya sa in ya ci babban wasa za ka ga ya ƙame ya sara irin ta soja. A 2001 yana da shekara 18 ya shiga tim ɗin ƙasa a ƙarƙashin babban koci Li Yongbo.

Tsarin Sin kuwa shi ne gwamnati ta ɗauki yaro tun yana ƙarami, ci da sha da kwana da likita da koci duk a wuyanta, shi kuma aikinsa atisaye safe da yamma. Alfanun abin a fili yake, abokan atisayenka na yau da kullum su ne manyan 'yan wasan duniya, Lin da Bao Chunlai da Chen Jin da daga baya Chen Long duk zaure ɗaya suke zufa. Amma sharaɗin shi ne ba kai ke da kanka ba, kuma abin da ake auna ka da shi ba yawan ƙananan gasanni ba ne, zinaren Olamfik ne da gasar duniya da Kofin Thomas da Kofin Sudirman na tim ɗin maza da mata a haɗe da wasannin Asiya. Wannan ma'aunin shi ya tsara duk rayuwar wasan Lin Dan.

Lin na farko wuta ne zalla. Bahago ne, kuma bahago a badminton matsala ne ga kowa saboda kusan duk wanda za ka kara da shi tun kana yaro da dama yake bugu, jikinka ya saba cewa in ka matsu ka jefa ƙwallon can bayan hannun hagun abokin karawa don nan ne rauninsa, to a wurin bahago nan ɗin ne bakin bindiga. Ka jefa masa can sai ka ga ya tashi sama ya karkace ya sauke maka ita a ɗaya kusurwar kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Ga shi da faɗuwa ƙasa warwas ya tare ƙwallon da kowa ya cire rai da ita, ya miƙe nan take kamar an ja shi da igiya. Farkon 2004 ya hau lamba ɗaya a duniya, ya doke Peter Gade na Denmark a fainal ɗin All England, daga nan laƙabin Super Dan ya bi shi, sannan ya taimaka wa Sin ta ɗauko Kofin Thomas a Jakarta, wanda rabonta da shi tun 1990. Yaro ɗan shekara 20, kowa ya gama rubuta masa zinaren Olamfik na Atens.

Wasan farko aka cire shi. Ronald Susilo na Singafo ne ya yi masa turmi biyu a jere, lamba ɗaya na duniya ya tattara kaya tun gasa ba ta yi zafi ba. Taufik Hidayat na Indonesiya ya ɗauki zinaren. Shekara mai zuwa kuma a fainal ɗin gasar duniya a Anaheim ta Amurka, Taufik ɗin nan dai ya koya masa karatu 15-3, 15-7, ya sake doke shi a fainal ɗin wasannin Asiya na Doha a 2006. Mutane suna mantawa da wannan zangon, suna ɗauka tun farko Lin sarki ne, alhali a shekarun nan sunan da ya yi shi ne na mai cin ƙananan gasa ya zo ya kasa a babbar rana, kusan irin tambarin da daga baya aka liƙa wa Lee. Taufik ya nuna masa cewa ƙarfi da gudu kaɗai ba sa isa, mutumin da ya iya wasan bakin raga, ya riƙa sauke ƙwallon tana gogar zare, zai tilasta maka ɗagawa, in ka ɗaga kuma kai ne a ƙasa.

Sai ga sauyin doka a 2006, kuma wannan wurin yana da muhimmanci ƙwarai. A da maki 15 ake bugawa kuma ba ka samun maki sai in sabis, bugun da ake fara musaya da shi, a hannunka yake, wato za ka iya yin kuskure ka rasa sabis kawai ba tare da an ci ka komai ba. Sabon tsari ya koma maki 21, kowane bugu maki ne ko waye ya yi sabis, in an yi 20-20 sai wani ya ba da tazarar biyu, in abin ya ƙi ƙarewa wanda ya fara kai 30 ya ci. Ma'ana kuskure ya yi tsada, kuma ƙarshen turmi ya zama wurin gwada zuciya, maki biyu ko uku ne ke raba zinare da azurfa. Lin ya ci kambun duniya na farko a Madrid a 2006 a kan ɗan ƙasarsa Bao Chunlai, a gasar da budurwarsa Xie Xingfang, wadda daga baya ta zama matarsa, ita ma ta ci na mata. Ya maimaita a Kuala Lumpur a 2007 a kan Sony Dwi Kuncoro. Amma har lokacin zuciya ce ke hawansa, a fainal ɗin gasar Koriya farkon 2008 da ya sha kashi a hannun Lee Hyun-il, hukuncin layi ya hasala shi har suka yi cacar baki da kocin Koriya Li Mao, sai da aka shiga tsakani. Wata bakwai kafin Olamfik a gida, ga tabon Atens bai warke ba, ga tauraronsu yana neman faɗa a fili.

Nan Tang Xianhu ya shigo, dattijo mai sanyin hali wanda ya taɓa horar da 'yan wasan Indonesiya kafin ya dawo Sin. A ƙarƙashinsa ne aka ga Lin na biyu, kuma in ka kalli wasanninsa na kafin nan da na bayan nan ba sai an gaya maka ba. Ya daina neman kisa a kowane bugu. Sai ya riƙa jan wasa a hankali, ya ɗaga ya sauke, ya ɗaga ya sauke, har ka saki jiki da wannan takun, sai kawai ya sauya giya ya yi maka maki huɗu biyar a jere da gudun da ba ka shirya masa ba, sannan ya koma ya lafa. Wannan sauya giyar ita ce makaminsa mafi haɗari, ta fi tsallen, ta fi dukan. Fainal ɗin Olamfik na Beijing ranar 17 ga Agusta 2008 kuwa ranar ba a lafa ba ko kaɗan, 21-12, 21-8 ya yi wa Lee Chong Wei cikin kusan minti 40, ni har yau ban ga wani ya buga badminton irin na wannan daren ba, duk inda Lee ya aika ƙwallo sai ya tarar mutumin ya riga ta isa. Da aka tashi ya zube ƙasa, ya rungume kocinsa, ya sara wa kowane ɓangare na zauren, sannan ya cire takalmansa ya jefa wa 'yan kallo, ya bi da raket.

Yanzu mu koma kan lissafin da muka fara da shi. Rankin na duniya ana haɗa shi ne da makin gasanni goma mafi kyau da ɗan wasa ya buga cikin sati 52 da suka wuce. Wato lada ce ta naci, wanda ke fita kusan kowane wata, yana kai fainal a Koriya da Malesiya da Indiya da Japan da Denmark, shi ne zai zauna a sama, kuma a wannan babu kamar Lee, gasar Malesiya kaɗai sau 12 ya ci. Lee shi kaɗai ne ƙasarsa ta dogara da shi, duk inda aka buga sai ya je, duk zinaren da Malesiya ba ta taɓa samu ba a Olamfik a kafaɗarsa aka ɗora. Lin kuwa yana da bayan da zai jingina, in bai je wata gasa ba Chen Jin ko Chen Long za su je, don haka yana iya zaɓa, ya huta, ya shiga dogon atisaye na rufe ƙofa, ya fito daidai lokacin babbar gasa jikinsa na kan ganiya. Rankin bai dame shi ba muddin zai samu shiga. Gasar duniya da Olamfik kuma sati ɗaya ne, faɗuwa ɗaya ka tafi gida, ba a tambayar me ka ci a watan jiya.

Amma kar a ce hutu ne kawai, domin an yi ranakun da Lee ya zo da cikakken shiri, ya fi shi wasa ma a wasu wuraren, kuma duk da haka aka rabu Lin na dariya. Bayan kambu na uku a jere a Hyderabad a 2009 da zinaren wasannin Asiya a Guangzhou a 2010, sai fainal ɗin gasar duniya ta 2011 a Wembley, Landan. Lee ya ci turmin farko 22-20, Lin ya rama 21-14, turmi na uku aka tafi kafaɗa da kafaɗa har Lee ya kai 20-19, maki ɗaya ya rage masa ya zama zakaran duniya na farko daga Malesiya. Lin ya kwace. Lee ya sake kai 21-20, Lin ya sake kwacewa, ya ƙara biyu ya rufe 23-21. Abin da nake so a lura da shi, a irin wannan lokacin yawancin 'yan wasa hannunsu ƙanƙancewa yake, su koma bugun tsoro suna jiran abokin karawa ya yi kuskure, shi kuwa Lin a daidai nan ne yake ƙara matsowa gaba ya nemi ƙwallon. Ƙarshen shekarar ya doke Chen Long a gasar rufe kakar Super Series a Liuzhou, ya cika manyan kambuna tara da ake kira Super Grand Slam yana da shekara 28, Olamfik da gasar duniya da Kofin Duniya (wata gasa ce daban) da Thomas da Sudirman da All England da wasannin Asiya da gasar Asiya da wannan ta rufe kaka, kafin shi babu wanda ya taɓa haɗa su.

Shekara guda bayan haka, zaure ɗaya na Wembley a Landan, mutum biyu ɗin dai, amma yanzu zinaren Olamfik ne a tsakiya. Lee ya zo da ciwon idon sawu da ya samu a Kofin Thomas wata biyu da 'yan kai kafin nan, har ana shakkar ko zai iya bugawa, sai ga shi ya ci turmin farko 21-15. Lin ya mayar 21-10. A na uku Lee yana gaba 19-18, saura maki biyu, sai Lin ya aika wata doguwa can baya, Lee ya bi ta da ido ya janye raket yana zaton waje za ta faɗa, ta sauka ciki. 19-19. Daga nan Lin ya ɗauki biyun da suka rage, ta ƙarshe bayan doguwar musaya Lee ya tura ta wuce layin baya. Lin ya ruga da gudu ya zagaye zauren hannu a buɗe, Lee kuma ya zauna a ƙasa ya dafa raket ya sunkuyar da kai, wallahi duk sanda na sake kallon wurin nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji saboda Lee. 21-19. Lin ya zama namiji na farko da ya kare zinaren Olamfik a wasan mutum ɗaya.

Na 2013 shi ya fi nuna abin da nake faɗa ƙarara. Bayan Landan kusan shekara guda Lin bai buga abin kirki ba, rankin ɗinsa ya zube ƙasa sosai har bai cancanci shiga gasar duniya ba, sai hukumar duniya ta ba shi tikitin alfarma tunda shi ke riƙe da kambu kuma a Guangzhou za a yi. Mutumin da ba ya cikin jerin manya ya shigo ya cire Chen Long a kwata fainal, ya sake tarar da Lee a fainal. Lee ya ci turmin farko, Lin ya ci na biyu, a na uku Lin na gaba 20-17 jijiyoyin ƙafar Lee suka ɗaure ya kasa ci gaba, a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. 'Yan Malesiya sun yi ƙorafi sosai cewa an kashe na'urar sanyaya zauren ana tsakiyar wasa, zafi ya yi yawa kuma iskar da ke kaɗa ƙwallo ta sauya. Kambu na biyar kenan.

Kuma gaskiya tunda an zo nan, akwai inda ba zan kare tsarin da ya haifi Lin ba. An daɗe ana zargin tim ɗin Sin da shirya sakamako idan 'yan ƙasar biyu suka haɗu, ɗaya ya janye ko ya sassauta don ɗan'uwansa ya tara makin shiga Olamfik ko ya adana ƙarfi, kuma ba zargi ne na banza ba tunda Li Yongbo da bakinsa ya amsa cewa an tsara wasan kusa da na ƙarshe na mata a Atens tsakanin Zhang Ning da Zhou Mi. A fainal ɗin gasar Singafo ta 2011 Lin ya janye ya bar wa Chen Jin yana cewa cikinsa ne ba lafiya, 'yan kallo da suka sayi tikiti suka yi masa ihu. A Landan 2012 ma an kori 'yan wasa mata takwas na wasan bibbiyu, ciki har da 'yan Sin biyu, saboda neman faɗuwa da gangan. Wannan abin ya ɓata wa wasan suna kuma ya cuci masu kallo. Sai dai duk wanda zai yi adalci ya san ba wanda ya shirya 23-21 na Wembley, ba kocin da zai umarci Lee Chong Wei ya bar maki.

Lin na uku shi ne wanda na fi so, duk da shi ne ya fi shan kashi. Shekara ta haura 30, tsallen nan ya ragu, ƙafa ba ta kai wa inda take kai wa da. Sai ya koma wasan dattawa, yana tsaye kusan a tsakiyar fili kamar mai yawo, yana aika yaro kusurwa zuwa kusurwa da dogayen ƙwallaye masu faɗuwa daidai kan layi, yana riƙe bugu na ɗan daƙiƙa har sai ka motsa sannan ya juya wuyan hannu ya tura ta inda ka baro. Dukan kisa sai ya tabbatar. Da wannan ya ci wasannin Asiya na 2014 a Incheon, ya cire Lee a kusa da na ƙarshe ya doke Chen Long a fainal, a shekarar da aka hana shi tikitin alfarma na gasar duniya. Da shi ya ci All England na shida a 2016. A tsakanin nan kuma ya yi abin da ba a saba gani ba a tsarin Sin, a 2015 ya ƙulla yarjejeniyar talla ta kansa da kamfanin kayan wasanni na Yonex alhali kamfanin Li-Ning ne ke ɗaukar nauyin tim ɗin ƙasa, ya kuma bar ƙungiyar soja.

Olamfik na Rio 2016 ranar Lee ce. Kusa da na ƙarshe, Lin ya ci turmin farko 21-15, Lee ya rama 21-11, a na uku Lee ya kai 20-17, sai tsohon hali ya motsa, Lin ya kwace ɗaya, biyu, uku, 20-20, duk wanda ya san tarihinsu a lokacin ya ce shi kenan an sake. Amma wannan karon Lee bai karye ba, ya ɗauki biyu ya rufe 22-20 ya durƙusa a ƙasa kamar zinaren ya ci. Suka rungume juna a bakin raga suka yi musayar riga. Washegari Chen Long ya doke Lee 21-18, 21-18, azurfa ta uku a jere, shi kuma Lin ya rasa tagulla a hannun matashi Viktor Axelsen na Denmark, wanda ya sake doke shi a fainal ɗin gasar duniya ta 2017 a Glasgow. Ka ga ko da Lee ya tsallake Lin, wani ɗan zauren atisayen Lin ɗin ne ya tare shi a gaba.

Mutane da yawa sun so ya tsaya nan, ya ƙi. Burinsa Olamfik na biyar a Tokyo, ga shi doka ta sauya, a Landan Sin ta kai maza uku amma daga Rio ƙasa ba ta wuce biyu, su ma sai suna cikin 16 na farko, kuma Chen Long da Shi Yuqi suna gabansa. Wannan ya tilasta masa yin abin da ya guje wa duk rayuwarsa, wato bin gasa bayan gasa don tara maki, a shekarun da jiki ya fi buƙatar hutu, kuma nan ne aka ga yana fita a zagayen farko sau da yawa a hannun yaran da suka taso suna kallonsa a talabijin. Duk da haka wutar takan tashi jefi-jefi. A All England ta 2018 ya doke Lee a kwata fainal, haɗuwarsu ta 40 kuma ta ƙarshe, kafin Shi Yuqi ya tare shi a fainal. A Afrilun 2019 yana da shekara 35 ya ci gasar Malesiya, Chen Long ya yi masa 21-9 a turmin farko, ya dawo ya cinye biyun da suka rage, a zauren Kuala Lumpur da ya saba zama gidan abokin hamayyarsa. Wata biyu bayan nan Lee ya yi ritaya cikin hawaye saboda cutar daji ta hanci da ya yi jinya.

Da annobar korona ta sa aka ɗage Tokyo da shekara guda, lissafin ya ƙare. Ranar 4 ga Yuli 2020 Lin Dan ya sanar a shafinsa na dandalin sada zumunta na Weibo cewa ya ajiye raket yana da shekara 36, ya ce jiki da ciwuka ba za su bar shi ya ci gaba da fafatawa tare da abokansa ba. Bayan Chen Long ya ci gasar duniya a 2014 da 2015, Sin ta yi shekara goma ba ta sake ganin kambun maza na mutum ɗaya ba sai da Shi Yuqi ya ɗauko shi a Paris a 2025. A 2023 kuma hukumar badminton ta duniya ta shigar da Lin Dan zauren girmama gwarzayenta a wani biki a Kuala Lumpur, rana ɗaya, dandamali ɗaya da Lee Chong Wei.